Bishiyar Kirsimeti a Makarantar Gwamnati: Me Ya Kamata Mu Nema?

A wajen wani suna da aka yi a unguwar Bronx ta birnin New York cikin watan Disamba, bayan an shafa fatiha an fara rabon goro da dabino, hira ta gangaro kan makarantun yaranmu. Wani dattijo direban tasi, mutumin da nake ganin girmansa ƙwarai, ya ciro waya ya nuna mana hoton da 'yarsa ta ɗauko. Ƙatuwar bishiyar Kirsimeti ce a bakin ƙofar makarantarsu, ta sha fitilu, ga jajayen safa an jera a bango. Ransa a ɓace yake. Ya ce makarantar gwamnati ce, da harajinmu ake tafiyar da ita, saboda haka in azumi ya kama sai mu haɗa kai mu je a kafa mana namu: jinjirin wata, fitilun Ramadan, in da hali har da ayar Alƙur'ani a kan allo. Kusan duk wanda ke ɗakin ya gyaɗa kai.

Na ce masa, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, ɓacin ranka yana kan hanya, amma maganin nan da ka kawo ina jin tsoronsa." Hayaniyar suna ba ta bari mun ƙarasa ba.

Ga inda na tsaya. Makarantar gwamnati ba ta da addini, kuma bai kamata a yi mata shi ba, ko da namu ne. Yaron da ke zaune a cikinta shi ne mai addini, kuma shi ya kamata a bari ya shigo da nasa, ya yi sallarsa, ta sa hijabinta, ya yi azuminsa, ba wanda ya tsangwame shi. Duk ƙarfin da muke da shi a matsayinmu na iyaye, wajen kare yaron ya kamata mu zuba shi. Neman kaso a jikin bango ɓata ƙarfi ne, kuma yana iya jawo mana abin da ba mu shirya masa ba.

Abin da dokar ƙasar ta ce

Gyara na farko da aka yi wa kundin tsarin mulkin Amurka a 1791 ya ɗaure hannun gwamnati ta fuska biyu: ba za ta kafa addinin hukuma ba, kuma ba za ta hana kowa yin nasa ba. A kan waɗannan biyun aka yi ta shari'a.

A 1962 Kotun Ƙoli ta soke wata gajeriyar addu'a mai kalmomi 22 da hukumar ilimin jihar New York ta rubuta domin a riƙa karantawa da safe, duk da cewa addu'ar ba ta ambaci sunan wata ɗariƙa ba. A 1963 ta hana karatun Baibul a matsayin ibadar safe a makarantun gwamnati. A 1980 ta soke dokar jihar Kentucky da ta ce a liƙa Dokoki Goma na Annabi Musa (AS) da ke cikin Baibul a kowane aji.

Maganar kayan ado kuwa ta fi rikitarwa. A 1984 kotun ta bar garin Pawtucket na jihar Rhode Island ya ci gaba da ajiye mutum-mutumin da ke nuna haihuwar Annabi Isa (AS), saboda an haɗa shi da Baban Kirsimeti mai jan kaya da sauran tarkacen biki. A 1989 kuma ta ce irin wannan mutum-mutumin da aka ajiye shi kaɗai a kan matakalar wata kotu a birnin Pittsburgh ya saɓa doka, amma ta bar fitilar bikin Yahudawa da aka kafa kusa da doguwar bishiyar Kirsimeti a ƙofar wani ginin gwamnati a garin. Waɗannan duka a filin gari ne da gidan shari'a. In aka zo makaranta alƙalai sun fi tsanantawa, domin doka ce ta tilasta wa yaro zuwa, kuma ba shi da ikon tashi ya fita in abin bai yi masa ba.

"Ai ƙasarsu ce, su ne masu yawa"

Wannan ita ce maganar da na fi ji daga bakin mutanenmu masu son zaman lafiya. Suna cewa mu baƙi ne, mun tarar da mutane da al'adarsu, mu yi shiru mu ci arziki.

Gaskiya ne Kiristoci sun fi yawa a Amurka, kuma Kirsimeti ranar hutun ƙasa ce tun 1870. Amma wanda ya duba tarihi zai ga cewa Kiristocin ne da kansu suka nemi a raba gwamnati da coci, saboda sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun juna. Maganar katanga tsakanin coci da gwamnati da ake yawan ambata ta fito ne daga wasiƙar da Shugaba Thomas Jefferson ya rubuta a 1802 ga 'yan ɗariƙar Baptist na garin Danbury. Su ne suka kai masa kuka, domin a jiharsu ta Connecticut wata ɗariƙar ce ke da gatan hukuma, su kuma ana yi musu kallon 'yan rakiya.

A 1844 an zubar da jini a birnin Philadelphia a kan makarantun gwamnati. Katolika sun nemi kada a tilasta wa 'ya'yansu karanta fassarar Baibul ta 'yan Furotesta. Rikici ya ɓarke, aka kashe mutane, aka ƙone cocin Katolika biyu. Dukansu Kiristoci ne, littafinsu ɗaya, a kan fassara rigimar ta faro. Ita kanta Kirsimetin, akwai lokacin da masu tsananin addini na Massachusetts suka haramta bikinta, daga 1659 zuwa 1681, har da tara ga wanda aka kama yana yi.

Akwai ma wata takarda da ta shafe mu kai tsaye. A yarjejeniyar da Amurka ta ƙulla da mahukuntan Tarabulus, wato Libiya ta yau, wadda majalisar dattawa ta amince da ita a 1797, an rubuta ƙarara cewa gwamnatin Amurka ba a kan addinin Kirista aka kafa ta ba, kuma ba ta da gaba da addinin Musulmi. Saboda haka uban da ya je makaranta ya ce kada a sa ɗansa cikin ibadar wani bai yi rashin kunya ga masu masauki ba. Dokar da suka rubuta da hannunsu ya tuna musu.

"Bishiya ce kawai, me za ta yi wa yaro?"

A nan ina da sassauci, amma da iyaka.

Bishiya mai fitilu, mutum-mutumin dusar ƙanƙara, jajayen safa, waɗannan sun daɗe da zama kayan kasuwa. Manyan kantuna sun fi coci damuwa da su. Ba zan kwashi ƙafa in je ofishin shugaban makaranta saboda bishiya ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi. Yaron da ya taso a gidan da ake sallah biyar ba bishiya ce za ta sauya masa aƙida ba.

Sai dai ban yarda da masu cewa abin bai da alaƙa da addini sam ba. Kowa ya san bikin wa ake yi. Kuma daga ado zuwa ibada taku kaɗan ne. Yau an kafa bishiya, gobe an ce kowane yaro ya rubuta wasiƙa ga Baban Kirsimeti, jibi an raba waƙoƙin da za a rera a taron ƙarshen zango, a cikinsu akwai mai kiran Annabi Isa Ubangiji ko ɗan Allah. Ga Kirista wannan yabo ne mai daɗi, kuma ina girmama hakan. Ga yaron Musulmi kuwa magana ce da aka koya masa tun yana ƙarami cewa ba a furta ta.

Ka ɗauki yarinya 'yar shekara shida. A wurinta malamar aji ba ta kuskure. In malama ta ce a rera, za ta rera. In ta ƙi, ita kaɗai za ta zauna a gefe tana kallon ƙawayenta sun sha kwalliya a kan dandamali. In ta rera, ta dawo gida da nauyi a zuciya, ko kuma ta fara ɓoye wa iyayenta abin da ake yi a makaranta. Babba yana iya wucewa ta gaban coci sau goma a rana bai ji komai ba. Ƙaramin yaro a gaban malamarsa ba haka yake ba. Wannan ne ya sa na ce iyakar tana wurin shigar da yaro: abin da zai gani da ido ya wuce daban, abin da za a sa shi ya furta ko ya aikata daban.

Koyarwa a kan addinai kuma wani abu ne dabam, kuma ina goyon bayanta. Kotun da ta hana karatun Baibul na ibada a 1963 ta faɗa a cikin hukuncin cewa ana iya koyar da tarihin addinai da littattafansu a matsayin ilimi. Ina so ɗana ya san dalilin da ya sa maƙwabcinsa ke bikin 25 ga Disamba, kamar yadda nake so ɗan maƙwabcin ya san dalilin da ya sa ɗana ba ya cin abincin rana wata guda cur. Malama ta ce "Kiristoci sun yi imani da kaza, Musulmi sun yi imani da kaza," wannan darasi ne. Ta ce "ku tashi mu rera," wannan ya zama wani abu.

"To a ba kowa nasa mana"

Wannan ita ce shawarar Alhaji, kuma ita ce ta fi kama da adalci in ka ji ta da farko. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne an riga an gwada ta, a nan birnin New York ɗin.

Hukumar ilimin birnin ta daɗe da tsarin da ya halatta a kafa bishiyar Kirsimeti, da fitilar Yahudawa, da jinjirin wata da tauraro a makarantu, amma ban da mutum-mutumin haihuwar Annabi Isa. Wata uwa 'yar Katolika ta kai ƙara, ta ce an ba Yahudawa da Musulmi alamar addininsu, ita kuma an ba ta bishiya. A 2006 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta goyi bayan hukumar da rinjayen alƙalai biyu a kan ɗaya, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar.

Wani zai ce ai mun ci riba. Ni ban ga riba ba. Kafin jinjirin watan ya samu hawa bango, sai da hukumar ta rubuta shi cikin jerin alamomin da ba na ibada ba. Wato ma'aikatan ofis ne suka zauna suka yanke wace alama ce ke wakiltar Musulunci, sannan suka yanke cewa ba ta da nauyin addini. Shi kansa jinjirin wata da tauraron ba daga Alƙur'ani ya zo ba, ba daga zamanin Manzon Allah (SAW) ba, ya yi fice ne ta hanyar tutar daular Turkawa. Ga uwar nan kuma an bar ta da jin cewa an yi mata rashin adalci, kuma a ganina ƙorafinta yana da tushe. Mun samu hoton kwali a bango, mun samu maƙwabciya mai jin haushinmu.

Ayar Alƙur'ani a allon aji kuwa, wa zai kula da ita? Wa zai hana a cire takardar a ƙarshen wata a jefa kwandon shara tare da ragowar abinci? Mu da ba ma yarda a ajiye allon karatu a ƙasa, ta yaya za mu miƙa aya ga wanda bai san hukuncinta ba?

Sannan ƙofar da aka buɗe wa kowa, kowa zai shigo. Gwamnatin Amurka ba ta da ikon cewa wannan addinin gaskiya ne, wancan na wasa ne. A Disamban 2023 wata ƙungiya mai kiran kanta haikalin Shaiɗan ta kafa nata mutum-mutumin a cikin ginin majalisar jihar Iowa, domin an ba sauran addinai wuri, doka kuma ba ta yarda a ware ta ba. Ƙungiyar tana neman buɗe kulob na bayan tashi a makarantun da aka ba ƙungiyoyin Kirista wannan damar. Uban da ke neman a ba kowa bango ya tambayi kansa ko ya shirya 'yarsa ta wuce ta gaban wannan kullum da safe.

A makarantar da yara suka fito daga Bangladesh da Yaman da Senegal da Jamhuriyar Dominika da Sin da Indiya, bango nawa za a raba? Wanda iyayensa suka fi baki a taron iyaye da malamai shi zai samu babban wuri. Yaron da su biyu ne kacal masu addininsa a makarantar ba wanda zai tuna da shi.

"Musulunci bai raba addini da rayuwa ba"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma daga malamai take fitowa. Suna cewa raba addini da hukuma tunanin Turawa ne, Musulmi bai kamata ya yi masa kamfe ba, kuma cire Allah daga makaranta shi ya lalata tarbiyyar yaran ƙasar nan.

Na yi imani addinina ya shafi cina da shana da cinikina da yadda nake renon 'ya'yana. Tambayata ita ce: in aka ce a mayar da addini cikin makarantar gwamnati a Amurka, addinin wa za a mayar? Wa zai koyar da shi? Musulmi ba su wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na mutanen ƙasar ba. Duk ranar da aka rushe wannan katangar, ba Fatiha za a karanta wa ɗanka da safe ba. Malamin da ke kukan an cire addu'a daga makaranta yana kuka ne a kan addu'ar da shi da kansa ba zai yarda ɗansa ya ce mata amin ba.

Tarbiyyar addini aikinmu ne, kuma ba wanda ya hana mu. Masallatan Bronx da Harlem cike suke da yara ranakun Asabar da Lahadi suna biya karatu. Wanda yake da hali ya kai ɗansa makarantar Islamiyya mai zaman kanta, doka ta ba shi dama. Abin da ba zai yiwu ba shi ne mu ɗora wa ma'aikacin gwamnati nauyin da Allah ya ɗora wa uwa da uba.

Na san abin da ke tsorata mutanenmu, musamman waɗanda suka zo daga Nijar ko suke da 'yan'uwa a Faransa. Da an ce raba addini da gwamnati, Faransa suke tunawa. A can, dokar 2004 ta hana ɗalibai sa alamar addini mai bayyana a makarantun gwamnati, abin da ya fi faɗawa kan hijabi, a 2023 kuma aka ƙara da abaya. Wannan zalunci ne a wurina, domin an ɗauki takunkumin da ya kamata a sa wa hukuma an sa wa yarinya.

A 2003, a garin Muskogee na jihar Oklahoma, wata makaranta ta dakatar da yarinya Musulma 'yar aji shida saboda hijabi. A 2004, shekarar da Faransa ta yi dokarta, ma'aikatar shari'a ta gwamnatin tarayyar Amurka ta shiga shari'ar a ɓangaren yarinyar, hukumar makarantar ta sauya dokarta, yarinyar ta ci gaba da karatu da hijabinta. Gyaran nan na farko da ya hana malama jan yara addu'a, shi ne dai ya tsaya wa wannan yarinyar. Ba a ɗaukar rabi a bar rabi.

Abin da ya cancanci wahalarmu

A 2015 magajin garin New York na lokacin, Bill de Blasio, ya sanar da cewa za a riƙa rufe makarantun gwamnati ranar Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah. Shekaru aka yi ana fafutukar wannan, kuma ya fi jinjirin wata dubu amfani. Kafin nan, yaro sai ya zaɓa tsakanin zuwa Idi da zuwa aji, wani lokacin ma ranar jarrabawa ce.

Wani zai ce ai wannan ma shigar da addini ne cikin makaranta. A'a. Hujjar rufe makarantar hujja ce ta aiki: an ƙiyasta kusan ɗaya cikin goma na ɗaliban birnin Musulmi ne, in suka ƙi zuwa ajujuwa sun zama kango. Da wannan hujjar aka daɗe ana rufewa a manyan ranakun Yahudawa. Ranar hutu ba ta sa kowa ya yi kabbara. Ɗan Kirista yana gida yana barcinsa.

Irin waɗannan su ne buƙatunmu. Ɗaki mai tsabta da yaro zai yi azahar a lokacin hutunsa. Izinin fita sallar Juma'a ga manyan ɗalibai. Abincin halal a ɗakin cin abinci, wanda wasu makarantun birnin sun riga sun fara bayarwa. Kada a sa mai azumi gudu a filin wasa da tsakar rana, a bar shi ya zauna a laburare lokacin da wasu ke cin abinci. In za a yi taron waƙoƙi a Disamba, a sanar da iyaye tun da wuri, a ba yaron da ba zai shiga ba wani aikin ba tare da an rage masa maki ko an nuna shi da yatsa ba. Duk waɗannan babu wanda ya taɓa haƙƙin ɗan wani.

Mu waiwayi gida

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Da yawa cikin masu ɓacin rai a kan bishiyar Bronx ba su taɓa damuwa da yaron Kirista da ke tsaye a taron safe na makarantar gwamnati a garinsu ana jan addu'ar da ba tasa ba. Haka a wasu jihohin kudu da na tsakiya, yaron Musulmi ne ke tsaye ana rera waƙoƙin coci yana motsa baki don kada a ga ya yi shiru.

Alhali dokar Najeriya ba ta yi shiru ba. Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin hukuma. Sashe na 38 kuma ya ce ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addini ko halartar ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba.

Mun yi murna a watan Yunin 2022 da Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas, kuma murnar tana kan hanya. Mun ga yadda rikicin hijabi ya sa aka rufe makarantu goma a Ilorin a 2021, har aka kai ga jifa da duwatsu. Hujjarmu a duka biyun ita ce makarantar da gwamnati ke biyan malamanta ta kowa ce, ba a tilasta wa yarinya ajiye addininta a bakin ƙofa. To wannan hujjar ba ta san Musulmi ko Kirista ba.

Da azumin 2025, jihohin Bauchi da Katsina da Kano da Kebbi suka rufe makarantu kusan wata guda ko fiye, ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ƙorafi, mutanenmu da yawa suka ce tsokana ce kawai. Na san zafin watan Maris a Arewa, na san wahalar yaro mai azumi a aji mai kwanon rufi babu fanka. Amma hutun kwana biyu na Sallah daban, rufe makaranta wata guda daban, a yankin da ya fi ko'ina yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, ga masu jiran jarrabawar WAEC da JAMB. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa rage awannin karatu suke yi da azumi, makaranta na buɗe. Uban Kirista a Bauchi da ya ce ɗansa bai yi azumi ba kuma an hana shi karatu, maganarsa ɗaya ce da ta Alhajin Bronx. In muka ce a saurari ɗaya, sai a saurari ɗayan.

Iskar tana sauyawa

Abin da ya sa na ɗauki maganar da zafi shi ne katangar da muke fakewa a bayanta a Amurka ana sassaƙarta yanzu haka. A 2022 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai shida a kan uku, ta goyi bayan wani mai horar da 'yan wasa na makarantar gwamnati a garin Bremerton da ke durƙusawa yana addu'a a tsakiyar fili bayan wasa, ta kuma yi watsi da ma'aunin da kotuna suka daɗe suna amfani da shi tun 1971 wajen gane ko gwamnati ta tsoma hannu a addini.

Wasu jihohi sun ga dama ta samu. A 2024 Louisiana ta yi dokar da ta wajabta liƙa Dokoki Goma a kowane ajin makarantar gwamnati. A 2025 Texas ta yi irin tata, har da girman allon da za a liƙa, inci 16 da inci 20, da ainihin lafazin da za a rubuta. Ba bishiyar wata guda ba ce wannan. Nassi ne na addini, da zaɓin 'yan majalisa, a gaban yaro tun daga ajin farko har ya gama sakandare. Akwai dubban yaran Musulmi a Houston da Dallas, cikinsu har da 'ya'yan mutanenmu.

Na ji wasu suna cewa ai Dokoki Goma na Annabi Musa ne (AS), mu ma mun yarda da shi, ina laifi. Laifin shi ne wanda ya samu ikon zaɓar nassi yau, shi zai zaɓi na gobe, kuma ba za a tambaye mu ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Iyayen da suka kai waɗannan dokokin kotu akwai Yahudawa a cikinsu, akwai waɗanda ba su da addini, akwai Kiristoci har da limaman coci, waɗanda suka ce su za su koya wa 'ya'yansu littafinsu, ba gwamnan jiha ba. Kusa da waɗannan mutanen ya kamata a ga shugabannin masallatanmu sun tsaya, a taron hukumar ilimi ta unguwa da kuma ranar zaɓen mambobinta, wanda yawancinmu masu takardar zama ɗan ƙasa ba mu ma san ranar da ake yin sa ba.